Leƙen Hanji Bayan Tiyata: Shaidar Ido a Kan Cutar da Ke Dawowa a Ɓoye

A cikin cututtukan da ke kama hanjin ɗan Adam akwai guda biyu waɗanda likitocin zamani suka tara su a babi ɗaya, saboda kowace daga cikinsu kumburi ne mai daɗewa wanda babu wata ƙwayar cuta guda da za a nuna da yatsa a ce ita ce sanadinsa, sai dai abin da ya tabbata shi ne garkuwar jikin mutum, wadda Allah ya halitta don ta tsare shi, ita ce ke juyowa ta yi ta yaƙi da bangon hanjinsa, yau ta lafa gobe ta tashi, shekara da shekaru. Ta farko ita ce cutar Crohn, wadda ta ci sunan Burrill Crohn, likitan asibitin Mount Sinai da ke birnin Niyok, wanda shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka bayyana siffarta a 1932 daga majiyyata 14, ko da yake wani likitan fiɗa na Sikotilan, Kennedy Dalziel, ya riga su ambatonta tun 1913. Ta biyu ita ce cutar gyambon babban hanji, wadda Samuel Wilks na Landan ya siffanta a 1859. Sun yi tarayya a gudawa da murɗar ciki da rama da ƙarancin jini, amma ɗabi'arsu ta saɓa. Ta biyun ba ta wuce babban hanji, daga dubura take farawa ta yi sama ba tsallake, kuma fatar ciki kaɗai take ci. Ta farkon kuwa ba ta san iyaka ba, tana iya ɓulla ko'ina tun daga baki har dubura, ta kama nan ta tsallake can, ta ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya, kuma wurin da ta fi so shi ne ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda yake buɗewa cikin babba, a ƙasan ciki ta hannun dama.

Idan magani ya gaza, ko hanji ya tsuke har abinci ya kasa wucewa, ko ya huje ya tara mugunya, ko ya haƙa ɓarauniyar hanya zuwa mafitsara ko zuwa fata, to, sai a koma ga wuƙa. A lissafin da aka yi a Turai da Amurka kafin zuwan magungunan zamanin nan, kusan rabin masu cutar Crohn sukan shiga ɗakin tiyata kafin su cika shekara goma da sanin cutarsu, kuma ba ta duba mulki ko sarauta, domin shugaban Amurka Dwight Eisenhower kansa an yi masa aiki saboda ita a watan Yuni na 1956, yana kan karagar mulki. Aikin da aka fi yi a yau shi ne a yanke ƙarshen ƙaramin hanji tare da farkon babba, a fitar da abin da ya lalace, sa'an nan a haɗa bakunan nan biyu masu lafiya a ɗinke. Majiyyaci yakan tashi daga wannan aiki da sauƙi mai ban mamaki, ciwo ya tafi, abinci ya koma yi masa daɗi, jiki ya murmure, dangi su yi ta zuwa barka, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Likitocin fiɗa na da ma, da suka ga cutar tana dawowa, sun yi zaton ƙarancin yanka ne ya jawo, suka riƙa zarcewa cikin lafiyayyen hanji don su tabbata ba su bar kome ba, har sai da Victor Fazio da jama'arsa na asibitin Cleveland suka gwada a 1996, suka yanka wa wasu santimita 2 bayan iyakar ciwo, wasu santimita 12, aka tarar babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Daga nan aka sakankance cewa wuƙa tana kawar da ɓarnar da cutar ta riga ta yi, amma ita cutar tana nan a jiki.

To, yaushe take dawowa, kuma da wace hujja za a san ta dawo? Abul Ƙasim Azzahrawi, tabibin Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ɗinke hanjin da aka yi wa rauni a cikin littafinsa Attasrif, amma shi da dukan waɗanda suka biyo bayansa har kusan shekara dubu, daga ranar da suka rufe cikin majiyyaci ba su da sauran ikon ganin ɗinkinsu sai in an sake farkewa, saboda haka hukuncinsu ya dogara ne ga abin da mara lafiya ya faɗa, daga baya kuma ga hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyom, wanda ba ya nuna ɓarna sai ta yi nisa. Abin ya sauya a 1957, sa'ad da Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu mai aiki a jami'ar Mishigan, ya haɗa bututu mai lanƙwasuwa wanda siraran zaren gilashi ke kai haske da hoto a cikinsa, ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya saka wa kowa. A 1969 William Wolff da Hiromi Shinya na Niyok suka ratsa babban hanji da irin wannan na'ura, a farkon shekarun 1980 kuma aka ɗora 'yar kyamara a bakinta, hoton ya koma fitowa a allo inda kowa a ɗakin zai gani. Wannan shi ne leƙen da ake kira kolonoskopi.

Wanda sunansa ya fi ɗaukaka wajen bin sawun cutar da wannan ido bayan tiyata shi ne Paul Rutgeerts, likitan jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, wanda ya rasu a 2020. Abin da ya yi, a zahiri, ba wani abu ne mai wuya ba: ya ƙi jiran majiyyaci ya dawo masa da kuka, ya riƙa kiran waɗanda aka yi wa aiki, masu ciwo da waɗanda ke cewa lafiyarsu ƙalau, yana leƙa mahaɗar hanjinsu ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da shi da abokansa suka buga a 1990, daga mutum 89, shi ne ake kafa hujja da shi har yau, domin sun tarar cewa a cikin shekarar farko bayan aiki gyambo ya sake tsirowa a hanjin kashi 73 cikin ɗari, alhali waɗanda suka ji wani ciwo a jikinsu kashi 20 ne kacal, da aka kai shekara uku kuwa masu gyambo suka zama kashi 85, masu jin ciwo kashi 34. Watau galibin waɗanda cutar ta koma wa ba su sani ba, kuma da an tambaye su da sun rantse sun warke, ba kuwa ƙarya suke yi ba. Wurin da take komowa ma sananne ne, kusan kullum sama kaɗan da ɗinkin, a ɓangaren ƙaramin hanji wanda likita ya duba da idonsa ranar aiki ya tabbatar lafiyayye ne. Aikinta a wannan lokaci aikin gara ne a azara, wadda ke cin ciki ta bar baya sumul, mai ɗaki ba zai farga ba sai ran da rufi ya fara lotsawa.

Mutanen Leuven ba su tsaya ga siffantawa ba, sai da suka nemi illar abin. A 1991 suka ba da labarin majiyyata biyar waɗanda aka yanke musu hanji aka haɗa, amma aka buɗe musu ƙofa ta wucin gadi a fatar ciki sama da mahaɗar, ta yadda bahaya ke fita ta can ba ya bi ta kan ɗinkin. Muddin ƙofar nan tana buɗe, mahaɗar ta zauna lafiya. Da aka rufe ta, abinci ya koma bin hanyarsa, sai gyambo ya bayyana a dukansu. A 1998 Geert D'Haens, shi ma na Leuven, ya ƙara matsawa, ya ɗura abin da ke fita daga ƙofar a cikin hanjin da aka keɓe, kafin kwana takwas madubin ƙara girma ya nuna kumburi ya fara. Wannan ya nuna cewa abin da ke tayar da fitinar yana cikin abin da ke gudana a hanji ne, musamman ƙwayoyin halittar nan marasa adadi da ke zaune a ciki, waɗanda ga sauran mutane abokan zama ne, ga mai wannan cuta kuwa abokan gaba. Shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin metronidazol na wata uku bayan aiki, yana kuwa jinkirta dawowar, ko da yake ɗacinsa a baki da tashin zuciyar da yake sawa sukan sa mutane da yawa su ajiye shi.

Bisa ga waɗannan dalilai ne ƙungiyoyin likitocin ciki na Turai da Amurka suka yi ittifaƙi a kan cewa a leƙa hanjin duk wanda aka yi wa irin wannan aiki tsakanin wata shida da wata goma sha biyu, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Shirin yakan fara ne kwana biyu ko uku kafin ranar, mutum ya bar ganye da wake da duk abinci mai dusa ko ƙananan ƙwayoyi, ya dakatar da ƙwayar ƙarin jini tun mako guda saboda tana baƙanta cikin hanji, ran jajibiri kuma ya tsaya ga ruwa da shayi marar madara da tataccen romo, ban da jan abin sha irin zoɓo, domin a allo ba a rarrabe shi da jini. Sa'an nan sai maganin wankin ciki, lita biyu zuwa huɗu gwargwadon irinsa, a sha rabi da dare rabi da asuba, a yi ta zirga-zirga zuwa bayan gida har abin da ke fita ya koma ruwa garau mai ɗan rawaya. Galibin waɗanda suka sha sukan ce wannan daren ya fi leƙen kansa wahala, amma wanda ya yi ha'inci a nan kansa ya cuta, domin ɗan miki mai faɗin milimita biyu ba ya ganuwa a ƙarƙashin dauɗa. A ɗakin aiki mutum zai kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwoyi, a yi masa allura mai sa gyangyaɗi, a shigar da bututu mai kaurin yatsa wanda tsawonsa ya ɗara mita ɗaya da rabi, yana da fitila da kyamara a baki, da kafar hura iska don hanji ya buɗe, da kafar wanki da ta zura ɗan hantsaki. Lafiyayyen babban hanji yakan fito a allo da ɗan ja-ja mai sheƙi, jijiyoyin jini suna bayyane a ƙarƙashin fatarsa. Likita zai bi shi lungu-lungu har ya iso mahaɗa, kuma wajibi ne ya ratsa ta ya shiga ƙaramin hanji kimanin santimita goma, domin wanda ya tsaya a bakin mahaɗa ya juyo bai yi aikin da aka zo dominsa ba. Abin da yake nema a can ƙananan miki ne, fari a tsakiya da jan zobe kewaye, irin waɗanda ke fitowa a cikin leɓe, yana ƙirga su ɗaya-ɗaya, yana ɗaukar hoto, wani lokaci ya tsinko ɗan nama don a kai ɗakin gwaji, majiyyaci ba zai ji tsinkar ba. Duka-duka ba ya cika wuce minti arba'in, kuma hatsarin hujewar hanji a leƙen dubawa bai kai ɗaya cikin dubu ba.

Don kada kowane likita ya riƙa siffanta abin da ya gani da lafazin da ya ga dama, Rutgeerts ya sanya wa abin darajoji biyar, ana rubuta su daga i0 zuwa i4. Idan ba a ga kome ba, i0 ke nan, in miki bai wuce biyar ba, i1, kuma masu waɗannan darajoji biyu galibinsu sukan yi shekaru ba abin da ya dame su. Idan miki ya haura biyar amma fatar da ke tsakaninsu lafiyayya ce, ko ciwon ya tsaya a kan ɗinkin kaɗai, i2 ke nan. Idan kumburi ya game wurin duka har babu sauran lafiyayyar fata tsakanin miki da miki, i3. In kuwa an tarar da manyan gyambuna da kulluttai ko hanya ta fara tsukewa, wannan ita ce i4, kuma mafi yawan masu ita ciwo kan dawo musu cikin 'yan shekaru, da yawansu har su sake komawa ɗakin tiyata. Fa'idar wannan ma'auni ita ce yana gaya wa likita abin da zai faru kafin ya faru, a lokacin da magani ke da sauran tasiri, domin kumburi yana jin magani, amma tabon da ya riga ya taurare ya tsuke hanji ba ya ji, sai dai a buɗa shi da 'yar balan-balan ta cikin na'urar in gajere ne, ko a sake yanka.

Sai dai ba a rasa saɓani a tsakanin malaman wannan fanni ba, kuma saɓaninsu ya taru ne a kan daraja ta tsakiya. Wasu suka ce mikin da ya tsaya a kan layin ɗinki ba lalle ne ya zama cutar ba, yana yiwuwa ƙarancin jini ne a bakin da aka yanka, ko gogar ƙananan ƙarafan da ake maƙale hanji da su a zamanin nan maimakon zare, saboda haka bai kamata a hukunta shi da hukuncin mikin da ya bazu cikin ƙaramin hanji ba. Daga nan aka raba darajar gida biyu, i2a ga wanda ya tsaya a ɗinki, i2b ga wanda ya shiga ciki. Binciken da ya biyo baya bai yanke gardamar ba, wasu sun tarar i2a ya fi sauƙi, wasu sun tarar duka ɗaya ne. Ga kuma wata mas'ala, an sha nuna wa ƙwararru hoton leƙe guda su ba shi daraja daban-daban, abin da ya sa manyan gwaje-gwaje suke aika hotuna ga masu karatu na musamman waɗanda ba su san majiyyacin ba. Su ma masu fiɗa sun ƙara dagula lissafin da sababbin salon ɗinki, kamar wanda Toru Kono na Japan ya ƙirƙiro a 2003, wanda siffarsa a allo ta bambanta da wadda aka gina ma'aunin a kanta. A ganina wannan saɓani bai rage wa ma'aunin daraja ba, ya dai nuna cewa lamba ita kaɗai ba ta isa ba, dole likita ya rubuta inda ya ga mikin da adadinsa da girmansa, ya ajiye hoto, don wanda zai leƙa bayansa ya sami abin yin ƙiyasi.

Mai hankali zai iya tambaya ko duk wannan wahala tana sauya wani abu, tun da ganin cuta daban, hana ta daban. An amsa wannan da gwajin da Peter De Cruz da Michael Kamm suka jagoranta a asibitoci 17 na Ostareliya da Niyuzilan, wanda aka buga a 2015. Majiyyata 174 aka raba gida biyu, dukansu an ba su maganin rigakafi gwargwadon hatsarinsu, amma kashi ɗaya aka leƙa hanjinsu a wata na shida aka ƙara ƙarfin magani ga duk wanda aka ga ciwo, ɗaya kashin kuwa aka bar su a kan abin da suke sha. Da aka leƙa kowa a wata na 18, cutar ta dawo wa kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka duba tun farko, da kashi 67 na waɗanda ba a duba ba. Ba nasara ce cikakkiya ba, tun da kusan rabi ba su tsira ba, amma rata ce da babu mai raina ta in hanjinsa ne ake magana. Wannan gwaji ya kuma ƙarfafa abin da aka daɗe da sani game da waɗanda cutar ta fi saurin komo wa, watau wanda aka taɓa yi wa aiki a baya, da wanda hanjinsa ya taɓa hujewa, da mashayin taba, wanda hatsarinsa ya kai ninki biyu na wanda ba ya sha. A cikin ukun nan taba ce kaɗai ke hannun majiyyaci, kuma barinta bai gaza wasu magunguna masu tsada amfani ba.

Kamar yadda rashin ciwo ba hujjar lafiya ba ne, haka nan samuwar gudawa ba hujjar dawowar cuta ba ce. Ƙarshen ƙaramin hanjin da aka yanke shi ne ke tsotse ruwan ɗaci na matsarmama ya mayar wa hanta, in babu shi sai ruwan ya kwarara cikin babban hanji ya sa zawo mai tsanani, wanda wani garin magani mai suna kolestiramin ke tsayarwa. Shi ne kuma ke tsotsar bitamin B12, wanda rashinsa ke kawo kasala da ƙarancin jini. Wanda aka ɗora wa maganin danne garkuwa saboda irin wannan zawo, ba tare da an leƙa ba, an zalunce shi. Akwai kuma hanyoyin da ke rage yawan leƙen. Gwajin bahaya na kalfurotektin yana auna wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa a hanji mai kumburi, kuma a wancan gwaji na Ostareliya an ga cewa wanda awonsa bai kai 100 ba, sau tara cikin goma hanjinsa lafiya yake. Hoton sikanin na kan ciki yana iya nuna bangon hanji in ya yi kauri fiye da milimita uku, akwai kuma kyamara mai siffar ƙwayar magani da ake haɗiyewa, wadda aka amince da ita a Amurka a 2001, sai dai tana iya maƙalewa a hanjin da ya tsuke. Dukansu mataimaka ne, ba su kai matsayin shaidar ido ba a dubawar farko.

Masu cutar gyambon babban hanji kuwa lamarinsu ya ɗan bambanta, domin su in an cire babban hanji da dubura an cire mazaunin cutar. A da galibi sai dai mutum ya rayu da jaka manne a fatar ciki, har Alan Parks da John Nicholls na asibitin St Mark's da ke Landan suka bayyana a 1978 yadda za a naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a yi aljihu da shi a cikin jiki, a haɗa shi da mafita, mutum ya ci gaba da zagayawa ta hanyar da ya saba, kimanin sau biyar ko shida a yini. A 1980 Utsunomiya na Japan ya sauƙaƙa shi zuwa siffar harafin J, wadda ita aka fi yi yanzu. Amma wannan aljihu shi ma yakan kumbura, har kusan rabin masu shi sukan gamu da haka ko sau ɗaya, da ƙaruwar zagayawa da matsuwa da murɗa, kuma abin lura, waɗanda aka yi wa irin aljihun nan saboda cutar tsiron hanji ta gado ba safai nasu ke kumbura ba, alamar cewa ɗabi'ar jikin mai cutar ta bi shi har sabon wuri. A nan leƙen gajere ne, ba ya buƙatar dogon wankin ciki, amma yana buƙatar natsuwa, domin hukunci yana rataye ne da wurin da ciwon yake. Idan jikin aljihun ne ya yi ja ya kumbura, yana zubar da jini da an taɓa shi, galibi maganin ƙwayoyin cuta na mako biyu, sifrofuloksasin ko metronidazol, yakan wadatar. Idan ɗan ragowar duburar da aka bari ne, wanda bai wuce santimita biyu ba, to, tsohuwar cutar ce ta saura a can, maganinta daban. Idan kuwa gyambo ya hau can sama cikin hanjin da ke shigowa aljihun, ko an ga tsukewa da ɓarauniyar hanya bayan an daɗe da aiki, sai a yi zargin cutar Crohn ce tun asali ta ɓad da kama. Mikin da ke kan layin ɗinki kaɗai ba a lissafa shi. William Sandborn na asibitin Mayo ya tsara ma'auni a 1994 mai maki 18, shida ga abin da majiyyaci ya faɗa, shida ga abin da ido ya gani, shida ga abin da madubi ya nuna a naman da aka tsinko, in an tara bakwai a ce aljihu ya kumbura. Wanda aka taɓa samun alamar daji a hanjinsa, ko yake da cutar tsukewar hanyoyin matsarmama, shi leƙensa na shekara-shekara ne ko lafiyarsa ƙalau.

Duk wannan ilmi an gina shi ne a ƙasashen da waɗannan cututtuka suka yawaita, tarin fuka kuwa ya yi ƙaranci, mu kuma a nan lamarin akasin haka yake, don haka likitan Kano ko Zariya ko Damagaram da ya ga gyambo a ƙarshen ƙaramin hanji ba shi da ikon hanzarta hukunci. Ƙwayar tarin fuka tana kama hanji, kuma daidai wurin da cutar Crohn ke so nan take so. Zazzaɓin taifot ma a nan yake huda hanji, shi ne kuwa sanadin yankan hanji da yawa a asibitocinmu. Ga atini, ga magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibufurofen da ake saye a kemis ba takarda, waɗanda su kaɗai sun isa su fasa miki a hanji. Akwai alamomin rarrabewa, domin gyambon tarin fuka yakan kewaye hanji a gicciye, na Crohn kuwa yakan bi tsawonsa, amma alamu ne na rinjaye, ba na yaƙini ba. Kuskure a nan yana iya kai wa ga halaka, saboda magungunan da ke danne cutar Crohn, irin su infiliksimab da adalimumab, su ne ke sakar wa tarin fuka mara ya bazu a jiki. Likitocin Indiya, waɗanda suka daɗe cikin wannan shubuha, sukan ba da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku in sun kasa rarrabewa, sa'an nan su sake leƙawa, in gyambo ya warke tarin fuka ne, in yana nan sai a koma ga ɗaya zaton. Gwajin kalfurotektin ma a wurinmu sai da hattara, tun da kowane ciwon hanji na ƙwayoyin cuta yana ɗaga shi. Saboda haka duk wanda aka yanke wa hanji, haƙƙinsa ne ya tambaya ko an kai abin da aka cire ɗakin gwaji, ya karɓi sakamakon da takardar bayanin aikin ya adana su, domin da su ne mai leƙe zai san irin ɗinkin da zai tarar da abin da zai nema.

Akwai kuma nauyin da mutanenmu ke ji game da wurin da na'urar ke shiga, wanda yakan sa dattijo ya gwammace ya haƙura da ciwo. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa lalura tana halatta wa tabibi duban abin da bai halatta ga waninsa ba, gwargwadon buƙata, kuma a ɗakin leƙe akan lulluɓe mutum ne a bar iyakar wurin aiki, mace kuma tana da ikon neman a sa mata mace a ɗakin. In ba gaggawa, ana iya sa ranar a wajen watan azumi saboda yawan ruwan da ake sha. Wanda aka leƙa aka tarar da i0 ko i1 yakan ci gaba da abin da yake kai, a riƙa auna bahayarsa lokaci-lokaci, a sake leƙawa bayan shekara ɗaya zuwa uku. Wanda aka tarar da i2b ko sama da haka, a fara masa magani ko a sauya wanda yake sha, a sa masa wata ranar bayan kamar wata shida zuwa shekara don a ga ko mikin ya rufe.